Rigar da Aka Ɗinka wa Burgi

Ni da yayata Zenzi muka riƙe gidan Haslinger bayan yaƙin duniya na biyu, mata biyu da 'yan shanu da gonar ciyawa a gindin dutse. Mijinta Quirin ya tafi fagen daga a Rasha bai dawo ba, babu gawa babu labari. Ni kuwa ban yi aure ba, don samarin da suka yi sa'ata duk can suka ƙare. Abin da ya rage wa Yaya a duniya shi ne 'yarta Walburga, wadda duk ƙauyen Ellbrunn ke kira Burgi, yarinya 'yar shekara takwas mai giɓi da surutu kamar an kunna rediyo.

A hunturun farko bayan an ajiye makamai, lokacin da ko zare sai ka ba da ƙwai kafin ka samu, Yaya ta ciro kayan aurenta daga adaka ta farke su. Ta ce 'yarta ba za ta shiga jerin gwanon coci na bazara da rigar da aka yanko daga bargon soja ba. Dirndil za ta ɗinka mata, rigar bikinmu ta mata, cikakkiya. Ta yanka baƙin karan-miskin rigar aurenta ta yi falmaran mai matse ƙirji, ta yi siket mai tattara, ta yi farar 'yar ciki mai kumburarren hannu. Zanen gaba kuwa shuɗin siliki ne mai ratsin azurfa, wanda kakarmu ta ɗaura, mahaifiyarmu ta ɗaura, ita ma ta ɗaura ranar aurenta. Maɓallan azurfa daga kwat ɗin Quirin ta ciro su.

Sau ɗaya Burgi ta sa rigar. Tana tsaye a kan bencin kicin, Yaya na durƙushe da allurai a baki tana auna tsawon siket, ita kuwa sai juyi take.

"Gwaggo Afra, dube ni! Na zama amarya ko ban zama ba?"

Na ce mata amaryar da ba ta da haƙoran gaba sai dai ta auri tsoho Korbinian makiyayi, shi ma ba shi da su. Ta yi ta dariya har uwarta ta make ta a ƙafa ta ce ta tsaya wuri ɗaya.

Kafin a kalmashe bakin siket ɗin mashaƙo ya shigo ƙauyen. Likita ya tako da ƙafa daga gari cikin dusar ƙanƙara, don babu mai a motarsa. Ya duba maƙogwaron yarinyar, sannan ya buɗe jakarsa ya nuna mana cikinta. Ya ce babu allurar maganin cutar, ko a asibitin gari babu. Ya zauna tare da mu har ta cika. Matan unguwa suka ce a binne ta da sabuwar rigar, Yaya ta ce a'a, ba a gama ɗinkin ba, ba za ta tura 'yarta gaban Ubangiji da allurai a bakin siket ba. Ta naɗe rigar yadda take, ta mayar adaka ta kulle.

Da dusar ƙanƙara ta narke sai hukuma ta fara raba wa gidaje 'yan gudun hijira, Jamusawa 'yan'uwanmu da aka koro daga gabas. Mu aka kawo mana Hedwig Kubitza, mutuniyar Silesiya, doguwa ramammiya, da jaririya a hannu da ƙunshin kaya a baya. Magajin gari ya zaga gidan ya ce ɗakin da babu kowa shi za a ba su. Ɗakin Burgi ke nan. Yaya ba ta yi musu ba, ba ta kuma yafe ba. Ta ware wa baƙuwar gefe ɗaya na murhu da kanta ɗaya ta ajiye tukwane, daga nan in ban da gaisuwa babu abin da ya haɗa su. Shekara da shekaru suna girki a kicin ɗaya, wannan ta ce "Frau Kubitza", waccan ta ce "Frau Haslinger", kamar a ofis suka haɗu.

Jaririyar sunanta Edeltraut, ana ce mata Traudl. A gidanmu ta yi rarrafe, ta yi tafiya, ta koyi magana, kuma maganarmu ta mutanen dutse ta koya, har uwarta kan ce wani lokacin ba ta gane abin da take faɗa. Duk da haka yaran ƙauye 'yar ƙunshi suke kiranta, sunan da aka laƙa wa duk waɗanda suka zo da kayansu a baya. Hedwig na wanki da goge-goge a masaukin baƙi na Notburga tun safe har yamma, yarinyar kuma ta tashi tana bin bayana zuwa turken shanu. Ni nake ba ta madara a ɓoye. Yaya ta sani, ba ta hana ba, amma ban taɓa ganin ta ɗora hannu a kan yarinyar ba. In suka yi kiciɓis a matakala sai Yaya ta raɓe jikin bango ta kau da kai har ta wuce.

A bazarar da Traudl ta cika shekara takwas 'yan fim suka zo daga Munich da manyan motoci. A shekarun nan babu fim ɗin da mutanen birni ke rububin gani kamar na ƙauye: duwatsu, shanu da ƙararrawa a wuya, mafarauci mai kirki, da yara cikin kayan gargajiya suna waƙa. Daraktan sunansa Herr Tessmer. Ya sauko daga mota sanye da sabon gajeren wandon fata irin na mazanmu, gwiwoyinsa fari fat. Korbinian ya dube shi ya ce, "Wannan gwiwar ba ta taɓa gaisawa da rana ba. Kamar cukun da bai nuna ba."

Cikin 'yan kwanaki suka gyara mana ƙauyenmu. Suka jera furanni a barandar kowane gida, suka saro itatuwa suka ɓoye turakan lantarki, suka sa aka sauko da shanu daga dutse a tsakiyar bazara aka yi musu ado da furanni, abin da ba ma yi sai kaka. Alois, wanda ya baro ƙafa ɗaya a fagen daga, ya zo kallo da sandunansa, sai aka roƙe shi ya koma bayan kyamara.

"Ba ma son yaƙi a fim ɗin nan," in ji Herr Tessmer. "Mutane sun gaji da shi. So suke su shiga silima su ga gida."

Ranar zaɓen yara aka tara su a gaban coci. Yawancinsu sun zo da abin da suke da shi, wandunan iyaye da aka rage, riguna masu faci a kan faci. Wata budurwa mai kula da tufafi, Fräulein Radke, ta buɗe bayan mota ta yi ta rabon wandunan fata da huluna masu gashin tsuntsu da dirndil kala-kala. Amma ana neman yarinya ɗaya wadda za ta fito a 'yar mafarauci, wadda ba ta da uwa, wadda fim ɗin zai tsaya a kanta. Herr Tessmer ya bi layi yana ɗaga haɓar yara yana dubawa. Ya wuce Resi 'yar Notburga, wadda aka yi wa kitso tun da asuba. Can ya hango Traudl a bakin kwamin ruwan shanu, ba ta ma shiga layin ba, ta zo kawo wa uwarta sabulu ne.

"Ga ta nan!" ya ce. "Ku dubi fuskar nan. Wannan ita ce 'yar dutse ta ainihi."

Wani ya fashe da dariya. Notburga ta matso tana goge hannu da zanen gabanta.

"Herr Tessmer, wannan ai ba tamu ba ce. 'Yar ƙunshi ce. Ko kabari ɗaya ba su da shi a makabartarmu."

"Kyamara ba ta tambayar kabari, uwargida," ya ce, ya wuce.

Da rana ta karkata Traudl ta dawo gida cikin rigar da aka ba ta daga mota, don ta nuna wa uwarta. Ruwan hoda ce da kore shar, maɓallan roba, zanen gaban a ɗinke jikin siket, ga ta ta yi mata yawa har an tattare bayan da fil. Yara na biye da ita suna waƙa, "'Yar ƙunshi ta ari fata, 'yar ƙunshi ta zama jaka." Ta shigo tsakar gida ba ta yi kuka ba. Yaya na wanke garewanin madara a bakin famfo. Ta miƙe ta dubi yaran, kallo ɗaya, suka watse. Sannan ta dubi rigar.

"Wa ya sa miki wannan?"

"Matar motar ce, Frau Haslinger."

"Ko mutum-mutumin korar tsuntsaye ba ma sa masa wannan a Ellbrunn."

Nan ne kukan ya ƙwace wa yarinyar. Yaya ta tsaya tana kallonta tana kuka, hannuwanta na ɗigar ruwa. Na buɗe baki zan ce wani abu sai ta juya ta shige gida. Na ji takunta a matakala, na ji shiru, sannan na ji ƙarar murfin adaka, ƙarar da na daɗe ban ji ba. Da ta sauko tana rungume da rigar a ƙirjinta, ta leƙo ta ƙofar kicin.

"Ke, Traudl. Zo nan. Wanke hannunki tukuna."

Ta tuɓe mata ta motar ta jefar a kan itacen girki. Ta sa mata 'yar cikin, ta sa falmaran ta ɓalla maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaura zanen gaba. Rigar ta zauna mata kamar da ita aka auna. Alluran nan na bakin siket suna nan, sun yi tsatsa sun bar ɗigo-ɗigo a ƙyallen. Yaya ta ce mata ta hau benci. Ta durƙusa, ta zare su, ta zura zare ta fara kalmasa. Ni dai ban iya tsayawa ba. Na fita turke na jingina goshina da cikin saniya har na samu kaina.

Da Hedwig ta dawo daga aiki ta tarar da 'yarta a tsaye kan benci, ta tsaya a bakin ƙofa. Ta san rigar wace ce, kowa a ƙauyen ya sani.

"Frau Haslinger, wannan ya yi yawa. Ba za mu iya karɓa ba."

"Ba ba ku na yi ba," in ji Yaya, ba ta ɗago ba. "Aro ne. Ni zan sa mata da safe, ni zan cire mata da yamma. Kada kowa ya taɓa."

Haka kuwa aka yi. 'Yan fim ba su ƙi ba, Herr Tessmer ya ce shuɗin zai yi kyau a hoto mai launi. Kullum da safe bayan tatsa Yaya kan zaunar da Traudl tsakanin gwiwoyinta ta tsefe mata gashi, ta kitsa shi gida biyu ta naɗa a ka, ta sa mata rigar, ta riƙe hannunta zuwa inda ake ɗauka. Can za ta tsaya bayan igiyoyin fitilu da tawul a kafaɗa, in an ce a huta ta ruga ta ɗaura wa yarinyar tawul ɗin a wuya kafin ta ci wani abu. Aikin ciyawa ya koma kaina ni kaɗai, ban yi ƙorafi ba. Yayata da ta shekara bakwai ba ta yi dariya ba, sai ga ta tana ba ni labarin yadda saniyar Korbinian ta ɗaga wutsiya ta yi abinta daidai lokacin da jarumin ke furta soyayya. Ta fara ajiye wa yarinyar saman madara. Ta koya mata yadda ake zama da siket mai tattara ba tare da an murƙushe shi ba. Traudl ta daina cewa Frau Haslinger, ta koma Gwaggo Zenzi.

Wata Lahadi bayan coci muna kicin mu huɗu, yarinyar ta miƙa hannu za ta ɗauki tukunya mai zafi. Yaya ta ce, "Burgi, bari, za ki ƙone!"

Traudl ta dubi uwarta. Hedwig ta ajiye wuƙar da take fere dankali da ita, ta ce wa 'yarta ta je ta duba kaji. Da yarinyar ta fita sai Hedwig ta juyo.

"Sunanta Edeltraut."

"Na sani. Bakina ne ya kuɓuce."

"Ba yau ya fara kuɓucewa ba, Frau Haslinger. Ta faɗa mini. Ta ce in kina yi mata kitso haka kike kiranta, ita kuma tana amsawa don kada ranki ya ɓaci."

Yaya ta yi ja har wuya. "In rigar ce ba kya so, ki faɗa."

"Ba rigar ba ce. 'Yata ce." Muryar Hedwig ba ta tashi ba. "Kina tsammani ke kaɗai kika rasa? Biyu na fito da su daga gida. Yayanta Achim, shekararsa biyar. A hanya sanyi ya kashe shi, a cikin keken doki, a kan cinyata. Ƙasa ta daskare ba ta haƙuwa, sojoji na bayanmu. Na naɗe shi da ƙyallen tebur na kwantar da shi a gefen titi, na tura dusar ƙanƙara a kansa da hannuna. Ko sunan garin ban sani ba. Ke kina da kabarin da kike kai wa fure kowace Lahadi. Ni wannan ɗaya ce ta rage mini, kuma da sunanta na kawo ta."

Shekara bakwai muna gida ɗaya da matar nan, ba mu taɓa sanin ta haifi ɗa namiji ba. Babu wanda ya tambaye ta. Yaya ta zauna a kan benci. Can ta ce, "Ban sani ba, Hedwig." Ranar ta fara kiran sunanta.

A makon ƙarshe aka ɗauki wurin da 'yar mafarauci ke kwance da zazzaɓi. A falon masaukin Notburga aka shirya gado, aka rufe tagogi da barguna, aka kunna fitilu masu zafi. Traudl na kwance da rigar barci, an yayyafa mata ruwa a goshi, dirndil ɗin kuma an rataye shi a kujera kusa da gado inda kyamara za ta gan shi. Sai ƙofa ta buɗe, wani ɗan wasa mai furfurar ƙarya ya shigo da jakar likita, ya ciro allura ya yi mata, ya dafa kafaɗar mafaraucin ya ce, "Mun zo a kan kari." Yarinyar ta buɗe ido ta ce, "Baba." Herr Tessmer ya ce a sake. Likita ya koma waje, ya sake shigowa, ya sake buɗe jaka, allura na ciki. Aka sake, aka kuma sakewa. Duk lokacin da ya buɗe jakar nan allura na ciki, duk lokacin kuma yarinyar sai ta buɗe ido.

Ina tsaye kusa da Yaya ina jin numfashinta na sauyawa. Ana cikin ɗauka ta ce, da ƙarfi, "Ba haka ake yi ba."

"Shiru a baya!" wani ya daka tsawa.

Ta ajiye tawul ɗin a hannuna ta fita. Na jira aka ce a huta sannan na bi ta. A bayan masaukin na same ta, wurin igiyoyin shanya, ta dafe bango da hannu biyu. Hedwig na tsaye kusa da ita, kwandon wanki a ƙasa, ta riƙe mata damtse. Na koma ciki na ɗaura wa yarinyar tawul.

'Yan fim suka tafi, suka bar mana busassun itatuwa jingine da turakan lantarki. Da kaka ta yi, muka sauko da shanu na gaskiya, sai ga ƙanin mijin Hedwig ya zo daga birnin Essen. Ya samo mata aiki a kicin ɗin wata masana'anta, da ɗaki biyu a bene, murhunta ita kaɗai. Babu mai hankalin da zai ce kada ta tafi. Yaya ta same ta tana haɗa kaya.

"Ki bar ta ta gama shekarar makaranta a nan. In bazara ta yi ni da kaina zan kawo miki ita."

Hedwig ta girgiza kai a hankali. "Zenzi, kin san ba zan iya ba."

"Na sani. Na dai ce bari in tambaya."

Ranar tafiya muka raka su inda bas ke tsayawa. Yaya na ɗauke da wani ƙunshi a farin ƙyalle, sai da bas ɗin ta tsaya ta miƙa wa Traudl. Hedwig ta gane abin da ke ciki, ta buɗe baki, Yaya ta ce, "Yanzu ba aro ba ne. Kada ki ce komai." Yarinyar ta rungume ta a ƙugu tana kuka tana cewa za ta dawo kowane hutu. Yaya ta gyara mata kitso, ta tura ta cikin mota.

Fim ɗin ya iso silimar gari a tsakiyar hunturu. Kusan duk Ellbrunn muka tafi, har da Alois da sandunansa. Muka ga ƙauyenmu yadda bai taɓa zama ba, babu faci a rigar kowa, babu matar da ke sanye da baƙi, sararin sama shuɗi kamar an wanke shi. Mutane na ta nuna gidajensu da shanunsu suna ihu. A kujerun gaba 'yan gudun hijira ne suka cika, waɗanda ƙauyukansu ke can gabas inda ba za su koma ba, kuma su suka fi kowa kuka. Sai ga Traudl ta gangaro daga dutse a guje, zanen gaban nan na walƙiya. Yaya ta damƙe hannuna. Yarinyar ta buɗe baki ta yi magana, sai muka ji wata murya daban, siririya, mai Jamusancin birni. Ashe sun ce mutanen arewacin Jamus ba za su gane maganarmu ba, suka ɗora muryar wata.

"Wannan ba muryarta ba ce," in ji Yaya.

"Fuskarta ce dai, Yaya."

Duk da haka ta koma. Muddin fim ɗin na gari, in ta gama tatsar safe sai ta sa takalmin dusar ƙanƙara ta taka zuwa nunin rana, ta dawo kafin tatsar yamma. Ba ta taɓa cewa in raka ta ba. Ran da aka sauya fim ta dawo da wuri, ta rataye kwat ɗinta ta kama aiki.

Traudl ba ta zo hutun farko ba, ba ta zo na biyu ba. Essen da nisa, kuma yaro mantuwa gare shi, ba laifinta ba ne. Sai da ta zama budurwa, wata rana da bazara muna juya ciyawa, wata 'yar ƙaramar mota ta tsaya a ƙofar gida. Wata doguwa ta fito da gajeren gashi da wando da baƙin tabarau. Ita da saurayinta ne za su Italiya hutu, ta ce masa su ratse ta nuna masa inda ta yi fim.

"Frau Haslinger! Wato... Gwaggo Zenzi. Kin gane ni?"

Maganar dutse ta bar bakinta sam, irin ta mutanen Essen take yi. Yaya ta goge hannu ta gaishe ta, ta shigar da su kicin, ta kawo burodi da man shanu da madara. Ta tambayi Hedwig, aka ce tana nan lafiya sai ciwon ƙafa. Traudl ta yi ta dube-dube tana cewa komai ya ƙanƙance, tana ba saurayin labarin fitilu masu zafi da saniyar da ta ɓata wa jarumi magana. Yarinya ce mai kirki da fara'a. Yaya dai na zaune tana kallon bakinta. Can da hira ta lafa ta ce, "Rigar fa?"

"Wace riga? Au, dirndil ɗin!" Ta yi dariya. "Ai shekara ɗaya na fi ƙarfinta. Mama ta adana ta a kabad, ba ta bari a taɓa. To sai 'yar maƙwabciyarmu ta rasa abin sawa a bikin shigar ban-dariya da ake yi kafin azumin coci, ta yi ta kuka, Mama ta ara mata. Shi ke nan, kowace shekara sai wata ta zo aro. Har ta mutu a jikinsu. Zanen gaban ne ya fara yagewa."

Na dubi Yaya. Ta shafa tebur da tafin hannu, ta tattara ɓarɓashin burodi wuri ɗaya.

"Yara da yawa suka sa ta?"

"Kusan duk 'yan matan benenmu. Har faɗa ake a kanta."

"To," in ji Yaya. "Madalla."

Saurayin ya dubi agogo ya ce suna so su tsallake dutse da sauran rana. Yaya ta naɗe musu cuku da man shanu, ta raka su mota. Traudl ta sumbace ta a kumatu ta ce in suna dawowa za su biyo, amma ta wata hanyar suka koma. Muka tsaya a bakin ƙofa har motar ta sha kwana. Yaya ta ce, "Ta yi tsawo," ta ɗauki manjagararta ta koma gona.

Bayan wasu shekaru talabijin ta shigo ƙauyen, aka fara maimaita tsofaffin finafinan nan ranar Lahadi da rana. Duk lokacin da aka sa namu sai Notburga ta aiko a kira mu, masaukinta ya cika da tsofaffi ana nuna waɗanda suka mutu a cikin hoton. Ni nakan je. Yaya ba ta taɓa zuwa ba har ta bar duniya. In na ce ta zo mu tafi sai ta ɗauki bokiti ta ce shanu ba su san Lahadi ba.